Tsakar gidana laka ce zalla, me zan shuka da ba ya son wahala?

Maman Ilham: Assalamu alaikum jama'a, a taimaka da shawara. Gidanmu yana wajen Panshekara. Maigidan ya so a shafe tsakar gidan gaba ɗaya da siminti, ni na roƙa a bar min gefe guda, har sai da yayarsa ta sa baki, don ita ma tana son ganin kore, kuma yara su samu inuwa. Yanzu kullum gori ake min. Ƙasar laka ce, da damina ta kama takalmi, da rani ta tsattsage. Gwanda ta mutu, zogale ya ruɓe, lemun tsami ganyensa ya koma ruwan ɗorawa. Ina aiki, ba ni da lokacin ɗawainiya. Na riga na biya kuɗin yashin da zan zuba a ramin shuka.

Baba Mai Lambu: Wa alaikumus salam Hajiya. Duk ukun da kika lissafa ba sa jure kwanciyar ruwa. Gwanda kwana biyu saiwarta ta yi cikin ruwa ta tafi. Kafin komai, haƙa rami mai zurfin santimita 30, ki cika shi da ruwa, ya tsotse, ki sake cikawa. In an kwana an wuni ruwan na nan, kada ki ƙara shuka komai a rami. Tudu za ki tayar, tsayin santimita 30 zuwa 40: baro biyu na ƙasar wurin, baro ɗaya na ruɓaɓɓen takin shanu, rabin baro na ɓuntun shinkafa. A kai ki sa gwaiba, lalle a jikin katanga, ciyawar jema a bakin tudun ta riƙe ƙasa. Yashin kuwa ki mayar.

Maman Ilham: Baba ai mai sayar da fulawar ne ya ce in zuba yashi a ramin, kuma sana'arsa ce.

Baba Mai Lambu: Ramin yashi a tsakiyar laka randa ce kawai. Ruwan gefe duk ya gangaro ciki, ba hanyar fita, saiwa ta shaƙe. In kuma cakuɗawa za ki yi, yashi kaɗan da laka sai su daskare su fi da tauri. Sai yashin ya kai rabin ƙasar ko ya fi kafin a ga bambanci, wannan kuwa lissafin tifa ne.

Abban Khalifa: Masu fulawar bakin titin nan su ne matsalar. A leda suke rainon shuka da ƙasa mai laushi, suna ba ta ruwa safe da yamma, ba wanda zai tambaye ka irin ƙasar gidanka. Hajiya ki sa darbejiya ki huta, ko akuya ba ta cika damunta ba.

Injiniya: Darbejiya a tsakar gida? Laka tana kumbura da damina, ta tsuke da rani, babbar bishiya kuma tana ƙara zuƙe danshin ƙarƙashin gini, daga nan bango ya fara tsagewa. Saiwar kuma sai ta nemi masai. Bishiyar turare ta fi ta ɓarna. In babu aƙalla mita 6 tsakaninta da gini, a haƙura.

Anti Mai Zoɓo: Ni ban yarda da ɓuntu ba, gara yake kira, Kano kuwa kun san gara. Ki tayar da kunya irin ta gona ki zuba yakuwa, rama da kuɓewa da ruwan Yuni ya zauna, a kunya ba ruwansu da laka. Ayaba ma tana son ƙasa mai riƙe danshi.

Baba Mai Lambu: Ayaba ga wadda ta ce ba ta da lokaci? Daga Nuwamba zuwa Mayu wa zai riƙa ba ta ruwa? Ɓuntu kuma in an turbuɗe shi cikin taki ya yi wata biyu yana ruɓewa, gara ba ta damuwa da shi kamar busasshen kara. Abin da za a kiyaye shi ne ɗanyen kashin kaji, yana ƙone saiwa. Kuma kada a taɓa laka da fartanya tana jiƙe sharkaf. Ki dunƙule ta a hannu, in ta marmashe a yi aiki, in ta danƙare a jira. Hajiya, ina ruwan rufinku yake zuba?

Maman Ilham: Indararo biyu suna zuba a wurin, shi ya sa ma na zaɓe shi, don kada in sha wahalar ban ruwa.

Injiniya: To ai ga ciwon nan. Rufi mai murabba'in mita 50, in aka yi ruwan milimita 20, lita dubu ce ke sauka. A watan Agusta ko tudun sai ya zaizaye. A sa bututu a kai ruwan kwata tukuna.

Maman Ilham: Maigidan ba zai yarda a fasa simintin ba, kuma wurin da rani yana bushewa sarai. Ni dai zogale nake so saboda miya da kwaɗo. In na ƙara zurfin ramin na cika da yashin fa?

Baba Mai Lambu: Zogale a rabin duro, a huda gindinsa, a ɗora kan bulo.

Abban Khalifa: Duro yanzu nawa ne?

Maman Ilham: Mai tifa ya kira, wai gobe da safe zai kawo. Akwai wanda ya san ko yashin kogi ya fi na rafi?