Yawon duwatsu a keken lantarki da ɗan jagora: rabin yini ko yini guda? Ku ba ni shawara

Maman Sadiq: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema daga waɗanda suka taɓa yi da ƙafarsu. Maigidana ya ƙwallafa rai sai mun fita yawon duwatsun bayan gari a kan keken lantarki, irin wanda kamfani ke ba da keke da ɗan jagora, a bar kwalta a shiga hanyar tsakuwa. Mu uku ne, ni da shi da ɗanmu mai shekara 14. Tsari biyu gare su: na rabin yini, kamar awa uku, da na yini guda da ake kaiwa har ƙololuwa. Rabona da keke tun ina budurwa. Gwiwata ta hagu tana damuna idan na hau bene mai tsawo. Yaron kuma bai cika tsayi ba, ban sani ba ko akwai keken da ƙafarsa za ta kai ƙasa. Sun ce a biya kafin ƙarshen mako, kuma in an biya ba a mayarwa. Wanne zan ɗauka? Ko in haƙura su je su biyu?

Sarkin Gudu: Wa alaikumus salam Hajiya. Na yini guda, kada ma ki tsaya tunani. Keken ne ke yin aikin, ke zama kawai za ki yi kina kallon gari daga sama.

Mai Gyaran Keke: Don Allah Malam kada ka ruɗe ta. Wannan ba babur ba ne, ba shi da totur. Injin yana tsakiya wajen feda, yana jin ƙarfin da kika sa da ƙafarki sai ya ƙara nasa a kai. Kin daina juya feda, ya daina. A ƙa'idar Turai ƙarfinsa watt 250 ne kuma yana janye hannu da zarar an kai kilomita 25 a awa, a Amurka kuma irin wannan ajin yana kaiwa wajen 32. Hawa yana zama da sauƙi ƙwarai, wannan gaskiya ne. Amma awa shida a kan sirdi awa shida ne, mazaunai da tafin hannu ba ruwansu da batir.

Abdul Waya: Ni a ganina ku tara kuɗi ku sayi naku kawai, haya asara ce.

Abu Hanif: Hajiya ki karanta nawa kafin ki tura ko sisi. Na yini guda na ɗauka. Mu tara ne da jagora ɗaya tal, babu kowa a baya. Da safe aka miƙo min keke, na ga fitilar batir huɗu ce ke kunne cikin biyar, na yi magana, yaron ya ce ai ya isa har ya yi saura. Ni mutum ne mai jiki, kuma ba wanda ya zaunar da mu ya ce ga Eco, matakin da injin ke taimakawa kaɗan, ga Turbo, matakin da ya fi ƙarfi, ga batir ɗin da kowanne ke ci. Aka ce danna nan in ka ji hawa ya yi maka tsauri, shi ke nan bayanin. Jagoran kuwa saurayi ne mai ƙarfi, yana gaba da wasu samari uku suna ta tsere, mu na baya ko oho.

Wajen ƙarfe biyu na rana, a tsakiyar wani hawa mai duwatsu, fitila ta ƙarshe ta fara ƙiftawa, can sai keken ya yi nauyi a ƙarƙashina. Na danna, na kashe na kunna, shiru. Na kira lambar jagora, babu sabis a cikin kwarin. Keken nan ya kai kilo 24 ko 25, kamar a ce ka tura rabin buhun siminti sama a kan tsakuwa mai zamewa. Akwai wani maɓalli da ke sa keken ya ja kansa a hankali in kana turawa, amma shi ma da batir yake aiki, to ina batir ɗin? Ruwana ya ƙare. Takalmina na zamewa, feda tana dukan ƙwaurina har jini. Wata baiwar Allah da ke cikin tawagar ita ce ta lura ba na nan, ta sa aka tsaya. Da jagoran ya dawo, abin da ya fara fita bakinsa shi ne me ya sa na yi ta amfani da Turbo. Ba sannu, ba ya jiki.

Ba a nan ta tsaya ba. Da muka koma, suka juya keken suka nuna min wani karce a ƙasan murfin inji, suka ce ni na yi, suka riƙe kuɗin ajiyata. Wurin da sai ka kwanta ƙasa za ka gan shi. Na rubuta musu, na kira, har yau ana cewa manaja zai duba.

Ummu Nana: Innalillahi. Sannu Abu Hanif, wannan zalunci ne tsagwaronsa.

Sarkin Gudu: Sannu Yaya, amma fa Turbo tun safe ai ko wane batir sai ya mutu.

Abu Hanif: To wa ya gaya min? Na biya kuɗin jagora ne don a gaya min abin da ban sani ba. Da na sani ai da ban nemi jagora ba.

Mai Gyaran Keke: Abu Hanif na da gaskiya. Yawancin kekunan haya batir ɗinsu 500 ne ko 625 ko 750 a ma'aunin Wh, wato yawan wutar da batir ke ɗauka, kuma ba tsawon hanya ke cinye shi ba kamar tsayin hawa da nauyin mahayi. Mutum mai kilo 100 da mai kilo 60 ba za su dawo da caji ɗaya ba ko da hanyarsu ɗaya. Irin wannan injin na tsakiya kuma ba ya mayar da caji a gangara, abin da ya tafi ya tafi. Ga tsufa: batir ɗin da ya shekara uku ana haya da shi kullum ba ya riƙe abin da aka rubuta a jikinsa. Jagoran kirki yana duba batir ɗin kowa a duk inda aka tsaya, ya ba mai jiki babban batir, wani ma yana ɗauke da na ko-ta-kwana a jakarsa. Mutum tara da jagora ɗaya kuwa ganganci ne.

Ɗan Barkwanci: Abu Hanif ya biya kuɗin hawa keke, keke ya hau shi. A mayar masa da rabi ko don adalci.

Abu Hanif: Ka yi dariyarka, Allah ya sa kada ka gani.

Ummu Nana: Mu dai tamu ta yi kyau, alhamdulillahi. Na rabin yini muka yi, kuɗinsa kamar kashi biyu cikin uku na yini guda, kuma da hular kwano da safar hannu da ruwa duk a ciki. Ba su karɓi kuɗin ajiya ba, katin shaida kawai suka riƙe. Kafin mu tashi sai da aka yi kusan minti ashirin a wani fili ana koya mana birki da canjin giya.

Baban Khalifa: Anya Anti? Inda muka je rabin yini rabin kuɗi ne cif, amma hula daban, inshorar lalacewa daban, har hoton da jagora ya ɗauke mu sai da aka ce a biya. Da aka haɗa lissafi ya kusa kamo na yini guda. Kuɗin ajiya kuma ya ninka na hayar sau uku.

Abdul Waya: Yara rabin kuɗi ake biya musu ai.

Baban Khalifa: Ba a ko'ina ba. Ni cikakke na biya wa nawa, suka ce keke ɗaya ne, batir ɗaya ne.

Abdul Waya: To an cuce ka. Na ga bidiyoyi da yawa, ko'ina ragi ake yi.

Mai Gyaran Keke: Malam Abdul, tsakani da Allah, ka taɓa hawa?

Abdul Waya: Sai na hau zan san abu? Kai ma gyara kake yi, ba yawo ba.

Mai Gyaran Keke: Ni ake kawo wa su bayan yawon. Ni ke ganin sarƙar da ta tsinke saboda an canza giya ana tsakiyar danna feda a Turbo, ni ke ganin faifan birkin da ya canza launi don an riƙe shi tun daga sama har ƙasa. Injin Bosch ko Shimano na irin waɗannan kekunan yana ba da ƙarfin juyi wajen Nm 85, in ka haɗa da naka ka canza giya ba ka sassauta ƙafa ba, sarƙa ce ke biya.

Sarkin Gudu: Duk wannan lissafin injiniyoyi ne. Mu da muke hawa kowane mako mun san abin ba wuya.

Kaka Mai Keke: Ɗana, don kana hawa kowane mako ne ya sa shawararka ba ta dace da ita ba. Ka manta yadda farko yake. 'Yata Maman Sadiq, na haura sittin kuma ni ma gwiwa na damuna, ki saurare ni. Hawa ba shi ne abin tsoro ba, gangara ce. Keken na da nauyi, birkinsa na mai ne, yatsa ɗaya ya isa ya tsayar da shi. Wanda ya saba da tsohon keke yakan damƙe da yatsu huɗu in ya tsorata, tayar gaba ta kafe a kan tsakuwa, sai ƙasa. Na ga wata mata ta faɗi haka a gabana, a wurin da ko gudu ba ma yi. Ki sa su nuna miki maɓallin da ke sauke sirdi, ki sauke shi kafin kowace gangara, ki miƙe a kan feda, ki kalli inda kike son zuwa ba dutsen da kike tsoro ba. Inda ranki bai kwanta ba ki sauka ki tura, babu abin kunya.

Batun gwiwa kuma, sirdi in ya yi ƙasa da yawa lokacin hawa shi ke tayar da ciwon. A daidaita miki shi yadda ƙafa za ta kusa miƙewa in feda tana ƙasa. Ki zauna a giya mai sauƙi ƙafa na juyawa da sauri, injin ma haka ya fi so. Ni dai ya fi min hawan bene sauƙi nesa ba kusa ba, amma gwiwa kowa da irin tasa, ki tambayi likitanki. Rabin yini za ki ɗauka. Ƙololuwa ba inda za ta.

Maman Sadiq: Na gode Baba, Allah ya ƙara lafiya. Abu Hanif sannu, labarinka ya sa jikina ya yi sanyi. Amma har yanzu ba wanda ya ce min komai a kan tsayin yaron. Kuma in na je na ga ba zan iya ba tun a filin gwaji, akwai wanda aka taɓa mayar wa kuɗinsa?

Baban Khalifa: Ki auna shi ki tura musu tsayinsa a rubuce, su ma su amsa a rubuce cewa suna da ƙaramin keke. Nawa da muka je ƙaramin an riga an ba wani, aka ba shi matsakaici, duk tsayawa sai ya karkata gefe kafin ƙafarsa ta taɓa ƙasa. Ki tambayi dokar shekaru ma, wasu ƙasashen suna da ita, a Birtaniya sai an cika 14. Kuma ki ɗauki bidiyon keken ta ko'ina kafin ku tashi, har ƙasan inji.

Ɗan Barkwanci: Ko a ba Sadiq jagorancin kawai, yaran yanzu kafin a gama bayani sun kai ƙololuwa sun dawo.

Hajiya Mai Tattaki: Tunda an taru, bari in faɗi abin da ke cina. Ni da ƙafa nake hawa duwatsun nan tun kafin a san da wani keken batir. Da can mai keke in yana hawa a hankali yake zuwa, kana jin numfashinsa, ka matsa masa. Yanzu sai ka ga mutum goma a jere sun taho ta bayanka a kan hawa da gudun da ba ka zata ba, ba ƙararrawa ba sallama. Kwanaki saura kaɗan su ture jikata a wata kwana. Jagoran ma bai waiwayo ba. Kuma bayan ruwan sama suna bi ta hanyar tana jiƙe, su bar mana ramin taya.

Sarkin Gudu: Hajiya ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Masu tafiya da ƙafa ma sai su jeru su huɗu su tare hanya, kunne a toshe da waya, ka yi ta ƙararrawa a banza.

Hajiya Mai Tattaki: Ƙa'idar da kowa ya sani ita ce mai keke ke ba mai ƙafa hanya. Ko an canza ne ba mu ji ba?

Mai Gyaran Keke: Ba a canza ba. Matsalar wasu suna cire takunkumin gudun injin, keken da ya kamata ya tsaya a 25 sai ya wuce 40. An sha kawo min in yi, ba na yi. Irinsu ne ke sa a rufe wa kowa hanya.

Abu Hanif: Duk kamfanonin ne ummul haba'isi. Su tara mutum goma su ba yaro ɗaya don riba, ba horo ba komai. Wa ke ba su lasisi ma? Wa ke duba su?

Ummu Nana: Namu jagoran dai duk inda muka haɗu da masu ƙafa sai ya ɗaga hannu mu tsaya.

Hajiya Mai Tattaki: To ki ba mu sunansa mu yi masa addu'a, don ni ban taɓa cin karo da shi ba.

Abdul Waya: Shi ya sa tun farko na ce kowa ya sayi nasa.

Maman Sadiq: Jama'a batun mayar da kuɗin fa? Maigidan yana tambayata me aka ce.

Sarkin Gudu: Hajiya Mai Tattaki, wace kwana ce aka kusa ture jikar taki? In mai gangarowa daga wajen manyan duwatsun nan ce, ai an sa allo tun bara cewa ta kekuna ce kawai.

Hajiya Mai Tattaki: Wa ya sa allon, kuma wa aka tambaya kafin a sa?