Hazon asuba a Mambila yana fito mini toka-toka a hoto

Baƙon Gembu:
Assalamu alaikum. Aiki ya kawo ni Gembu. Bayan sallar asuba hazo yakan cika kwari har sai kawunan tuddai kaɗai ke leƙowa, amma duk hoton da na ɗauka sai ya fito toka-toka, ga ɗige-ɗige, wani ma a dusashe. Kyamarar takan yi ta neman fokas ta kasa. Na kunna filasha, abin ya ƙara lalacewa. Ina matsalar take?

Tsohon Mai Hoto:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Kashe filashar nan tukuna. Hazon Mambila ɗigon ruwa ne a cikin iska, haskenka yake dukansa ya dawo maka, shi ya sa direbobi ke sauke fitila ƙasa idan suna hawa daga Mayo Selbe zuwa Maisamari.

Tokar da kake gani daga ma'aunin hasken kyamara take. An gina shi ya mayar da duk abin da ya gani matsakaici, ba fari ba baƙi, to idan farin hazo ya cika masa ido sai ya rage haske. Ƙara masa haske a maɓallin +/- na kyamarar zuwa +1, wani lokaci har +1.3, ka duba kada farin ya ƙone.

Ɗige-ɗigen kuma ISO ne, wato ƙarfin jin haske na kyamara, ya haura don ta ɗauka da sauri, saboda kana riƙe da ita a hannu. Nemi ƙafa-uku, ka sauke ISO zuwa 100 ko 200, ka sa faɗin ƙofar haske a f/8, ka bar shata, wato murfin da ke buɗewa haske ya shiga, a buɗe. Nan ne nake son ka natsu, don hazo tafiya yake yi. Daƙiƙa 2 zuwa 4 za su bar maka siffarsa, ka ga yadda yake ratsa itatuwan turare. Idan ka kai daƙiƙa 30 zai narke ya zama kamar nono a ƙwarya. Wasu na son haka, ni dai ban cika so ba, don yana share motsin da ya sa ka tsaya kallo tun farko. Sa jinkirin daƙiƙa 2 kafin ta ɗauka, kada yatsanka ya girgiza ta.

Fokas kuwa, tana buƙatar gefen abu mai kaifi, hazo ba shi da shi. Mayar da ita ta hannu, ka zuƙo hoton a allo kan reshen bishiya ko fitilar wani gida.

Kuma kada ka ɗauki hazo zalla. Sa abu mai duhu a gaba: saniya, shinge, layin ganyen shayi a Kakara. Shi zai nuna zurfin wurin.

'Yar Jos:
Baba ya faɗi kusan komai. Abin da zan ƙara: riƙa duba gilashin gaba. Ruwa na taruwa a kai ba ka sani ba, sai ka zaci fokas ne. Tsumma mai laushi ya kasance a aljihunka, batir na biyu kuma a cikin riga, don sanyi na shanye caji. Idan za ka shiga ɗaki mai ɗumi, bar kyamarar cikin jaka a rufe har ta saba.

Mu nan da hunturu ƙura ce tamu, tana ja wa hoto launin ƙasa-ƙasa, kuma ba ma canza gilashi a fili. Ka ɗauka da RAW, wato ɗanyen hoton da kyamara ba ta gyara ba, gyaran launi zai zo maka da sauƙi.

Baƙon Gembu:
Allah ya saka da alheri, Baba, na gode Hajiya. Ba ni da ƙafa-uku a nan. Kuma idan duhu ne sosai, kafin gari ya waye fa?

Tsohon Mai Hoto:
Cika safa da shinkafa ko wake, ka ɗora kan dutse ko rufin mota a kashe, ka kwantar da kyamarar a kai. A duhu sosai buɗe zuwa f/4, ISO 800, ka nemi hasken da ke bayan hazon yana fuskantarka, kamar fitilar babur ko ta masallaci. Tsayuwarka ta zama nesa da bakin titi, don mai tahowa ba zai hango ka ba.