Neman shawara kan ɗinkin goshin yaro, don kada ya bar mummunan tabo

Mahaifiyar yaro: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ɗana mai shekara 6 ya faɗi ya fasa goshi, an yi masa ɗinki, kuma jiya aka cire zaren bayan kwana 6. Wurin ya yi ja, ga ɗan ɓawo a gefe guda da yake ta son ɓantarewa. Hankalina bai kwanta ba saboda a fuska ne. Me ya kamata in yi?

Ma'aikaciyar jinya: Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙi, 'yar uwa. Da farko, kada ki bari wurin ya bushe ƙayau. Mutane da yawa na ganin shan iska ne ke warkar da ciwo, alhali fatar da ke tsirowa ta fi saurin rufe miki idan akwai ɗan danshi. Ki wanke wurin sau ɗaya a rana da ruwa mai tsabta da sabulu marar ƙarfi, ki tsane shi a hankali, ki shafa Vaseline kaɗan, sannan ki rufe da filasta. Ki guji sifirit da aidin a wannan matakin, domin suna ƙona sabon naman da ke ƙoƙarin haɗewa. Shi kuwa ɓawon, a bar shi ya faɗi da kansa.

Wani uba: Ina goyon bayan Malama kan ɓawon nan. 'Yata ta riƙa sosa nata cikin barci, da safe sai mu tarar da ɗigon jini a matashin kai, kuma wurin da ta sosa ne kaɗai ya bar alama. Yanke farce da rufe wurin da dare suka raba mu da matsalar.

Wata 'yar uwa: Ni silikon zan ba ki shawara a kai, wato wani abu mai kama da roba da ake sa wa tabo don ya kwanta, ko na shafawa ko na mannawa, amma sai mikin ya rufe sarai, babu ruwa babu ɓawo. Bayan tiyatar da aka yi mini na yi amfani da na mannawa aƙalla awa 12 kullum har wata 3, tudun tabon kuma ya kwanta sannu a hankali. Ki kuma kare wurin daga rana da hula ko man kariya daga rana mai lambar ƙarfi (SPF) 30 zuwa sama, domin a baƙar fata rana na sa sabon tabo ya yi duhu ƙwarai.

Mahaifiyar yaro: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Shin jan da wurin ya yi alamar matsala ce?

Ma'aikaciyar jinya: Ba lallai ba ne. Tabo kan ɗauki shekara guda, wani lokaci har wata 18, kafin ya daidaita, kuma a watannin farko ya fi ja da tauri. Abin da zai sa ki koma asibiti ba tare da jinkiri ba shi ne mugunya, zafi da kumburin da ke ƙaruwa, ko zazzaɓi. Haka nan idan kika ga tabon na tudu yana wuce iyakar ciwon, musamman in akwai masu irin wannan fata a dangi, ki nemi likitan fata da wuri, domin allurar da ake yi a cikin tabon ta fi tasiri tun yana ƙarami.