Ƙanena zai bar aikin sola ya koma bincike, wai doka ta canza, ku ban shawara

Assalamu alaikum 'yan uwa. Admin dan Allah a sa min wannan a ɓoye sunana.

Ni ɗan kasuwa ne a nan Legas, Agege nake zaune shagona kuma yana Alaba, kayan sola nake saidawa, fanel da batir da inbata. Ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya ya karanta fiziks, ya yi bautar ƙasa a nan, tunda ya gama yake wajena shi ke fita haɗa wa mutane kuma wallahi Allah ya sa wa hannunsa albarka, tun da aka cire tallafin mai a 2023 aiki bai taɓa yanke mana ba. To yanzu ya zo min da maganar zai koma makaranta ya yi mastas, wai bincike zai yi a kan dalilin da ya sa batiran da muke saidawa ke saurin mutuwa a zafin ƙasar nan. Nace wa zai biya, yace Yaya ai yanzu akwai dokar wuta ta 2023, ga TETFund asusun tallafa wa manyan makarantu, ga PTDF asusun bunƙasa fasahar man fetur, gwamnati na ba da kuɗin bincike. Ni karatuna bai yi nisa ba, mahaifinmu ya rasu ni ne ubansa yanzu, Hajiya kuma kullum maganarta yaushe zai yi aure. Bana so in kashe masa zuciya kuma bana so ya bar abincinsa ya bi iska. Masu sani dan Allah, da gaske dokokin nan suna ba irinsa kuɗi?

Mai Inbata, Ojo:
Wa alaikumus salam Alhaji. Ni dai gaskiya kar ka barshi ya bar aikin. Dokar wutar nan da Tinubu ya sa wa hannu a Yunin 2023 mu 'yan kasuwa ta yi wa amfani, ita ce ta share wa jihohi hanya su riƙe harkar wutarsu da kansu, Sanwo-Olu ma ya sa hannu a ta Legas a Disambar 2024 har sun kafa tasu hukumar. Ga kuma Band A, rukunin masu samun wuta mafi yawa, tun Afrilun 2024 da aka kai musu yunit naira 225 masu otal da asibitoci da makarantu suke ta neman sola. Yaron da ya iya lissafin lodi ya iya haɗawa yanzu ne lokacinsa. Ya yi rajistar kamfani ya nemi kwangila, karatu ba ya guduwa.

Malamar Jami'a:
Alhaji sannu da ƙoƙari, Allah ya saka maka da riƙon zumunci. Ƙanenka ya ji gaskiya amma ya haɗa abubuwa daban daban wuri ɗaya, bari in warware maka.

Dokar wuta ta 2023 maganar kasuwar lantarki take, waye zai samar, waye zai raba, waye zai ba da lasisi, da kai wuta karkara. Ba ita ce ke biyan kuɗin makarantar ɗalibi ba, wannan a ajiye ta gefe.

TETFund kuwa dokarta ta 2011 ce, kuɗinta daga harajin ribar kamfanoni yake zuwa, da kashi 2 ne ya koma kashi 2.5, sannan kashi 3 a 2023, sabbin dokokin haraji na 2025 kuma suka haɗe shi da wasu cikin haraji ɗaya na kashi 4. Abin da mutane basu ganewa shi ne kuɗin nan makarantun gwamnati ake ba da malamansu. Mutumin da ke aiki a shago ba zai cike fom a turo masa ba. Akwai asusun bincike na ƙasa a ƙarƙashinta, amma malami ne ke jagorantar tawaga ya rubuta abin da za su bincika a tantance, in an ci to ɗaliban da ke ƙarƙashinsa su ma su samu kayan aiki, wani lokaci har da ɗan alawus. Shi ya sa kullum nake gaya wa yara, kafin ka zaɓi makaranta ka fara zaɓar malamin da zai duba aikinka, ka tambaya yana da tallafi a hannu yanzu ko babu, ɗakin gwajinsa na da wuta ko babu. Na ga yara masu ƙwaƙwalwa sun ɓata shekaru saboda na'ura ɗaya ta lalace babu mai gyara, abin yana min ciwo har yau.

Wadda zai iya nema da kansa ita ce PTDF, tun 1973 take, tana ba da sikolashif na mastas da digirin digirgir a fannonin mai da gas da makamashi, gida da waje. Amma gasa ce mai zafi, ana duba sakamakon digiri ana kuma tantancewa, kar a gina rayuwa a kanta.

Sannan ba sai ya bar Legas ba. Hukumar Makamashi ta Ƙasa tana da cibiyar bincike kan tsimin wuta a Jami'ar Legas a Akoka, tana da ta Sakkwato a jami'ar Ɗanfodiyo da ta daɗe a kan hasken rana, da ta Nsukka. Gwamnatin Legas ma tana da LASRIC mai ba da tallafin bincike da ƙirƙira. Ya taka da ƙafarsa ya je Akoka ya ga mutane.

Ɗan Obalende:
Malama ta gama magana. Ƙari na ɗaya, sa hannu a doka daban, fitar kuɗi daban. Ko Amurka da Biden ya sa hannu a dokar CHIPS and Science a Agustan 2022 da alƙawarin ƙara wa binciken kimiyya da makamashi kuɗi masu yawa, da aka zo kasafi majalisarsu bata ware abin da dokar ta ambata ba. Rijiya ta bayar guga ya hana kenan. To balle mu. Ya nema amma kai Alhaji ka lissafa kamar daga aljihunka za a biya komai.

Maman 'Yan Biyu, Idi-Araba:
Ɗana ni ban san TETFund ba amma na san yaro. Wanda yake samun kuɗi a hannu kuma ya zo yace maka karatu yake so, kuma ba karatun neman ofis ba, na gano ciwon kayan da kuke saidawa, wannan ba shashasha bane. Ka zauna da Hajiyarku ka yi mata bayani da kanka, in ta sa albarka komai zai zo da sauƙi. Aure kuma ai ana yi ana karatu.

Tsohon Ɗalibin Samaru:
Ni abin da ke damuna yadda muke raina irin wannan karatun. A Zariya akwai cibiyar binciken makamashi ta CERT, tana da ƙaramar na'urar nukiliya ta bincike tun 2004, da ita ake gwada ƙasa da ma'adinai a san me ke ciki, 'yan fiziks irin ƙanenka ne ke riƙe da ita, mutane da yawa a Arewa basu ma san da ita ba. Lithium da ake haƙa a Nasarawa fita ake da shi, mu kuma mu sayo batir da dala. In duk mai ƙwaƙwalwa ya tsaya a ɗaura fanel waye zai san abin da ke cikin batirin? Tambayar da yaron nan ya ɗauko ta zafi tambaya ce ta gaske, zafi yana gaggauta lalacewar sinadaran batir, kuma shi yana da abin da malamai da yawa basu da shi, ya ga ɗaruruwan batira a gidajen mutane.

Mai Inbata, Ojo:
Malam duk na yarda, amma in ya gama binciken wa zai saya? Akwai masana'antar da ke jiransa? Ni iyalin nake dubawa.

Tsohon Ɗalibin Samaru:
Yayansa ne zai fara amfana ai. Shagon da ya san wane batir ke jure zafi da yadda za a ajiye shi ba zai riƙa maida wa kwastoma kuɗi ba.

Mai tambaya:
Nagode ƙwarai Allah ya bar zumunci. Na nuna masa duka, ya yi shiru da ya karanta na Malama. Na yanke zan biya kuɗin makarantar in dai a Legas ne, ya riƙa fita aiki Asabar da Lahadi. Malama dan Allah in zai je wajen malaman me zai riƙe, kuma za su saurari wanda ya fito daga kasuwa?

Malamar Jami'a:
Za su saurare shi Alhaji in ya zo da abu a hannu. Ya ɗauki takardar sakamakonsa, ya rubuta shafi biyu kan abin da yake so ya bincika, sannan tun daga gobe duk batirin da aka dawo muku da shi ya rubuta irinsa, yaushe aka haɗa, a wane ɗaki aka ajiye, akwai iska ko babu, wane lodi yake ɗauka. Kar ku saida matattun ga 'yan gwangwan tukuna, ku ware masa ko guda goma a bayan shago. In ya rubuta shafi biyun ya turo wa admin ya miƙo min in duba masa kafin ya kai.