Musayar waƙa: kanun labarai da kukan Zamfara

Ɗan Gusau:
Na bar sauraren masu kawo labari,
Sun mai da kukanmu hajar sayarwa.
Ranar da aka kwashe 'yan matan Jangebe,
Kowa ya zo da na'ura yana haskawa.
Suka ce 317 ne aka tafi da su,
Amma 279 muka gani a dawowa.
Gonarmu ta zama daji shekara uku,
Babu jaridar da ta zo tambayawa.

Bazazzagiya:
Ka bar jaki, Malam, kana dukan taiki,
Adadin nan 'yan sanda suka yi sanarwa.
A 2022 Trust TV ta nuna halin dajinku,
Aka ci ta tarar miliyan biyar don tsoratarwa.
In sun yi shiru ka ce an manta da ku,
In sun faɗa ka ce suna zuzutawa.

Bakatsine: Allah ya ƙara basira, Malama. Ba a banza aka kafa Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939 ba, domin aikin jarida gadonku ne, kuma ina ganin baitinki na ƙarshe ya rufe bakin kowa.

Ɗan Gusau:
Malama, a allon waya kika ga dajinmu,
Mu da hannunmu muka yi binnewa.
Sun miƙa wa ɗan bindiga abin magana,
Ya gyara rawani yana ta bugun gaba da fankamawa.
Matar da ya kashe wa miji kuma fa?
Daƙiƙa kaɗan suka ba ta, sai yankewa.

Almajirin Aruli: Da izininku, ɗango na huɗu ya yi tsawo har karin ya karye, kuma cusa alƙaluma irin 317 a cikin baiti yana hana shi reruwa.

Ɗan Gusau: Malam, 'ya'yanmu ne aka ƙirga, saboda haka ba zan cire adadinsu domin in gyara maka kari ba.

Bakatsine: Tsawon ɗangon dai gaskiya ne, kuma Malama ba ta yi irin wannan tuntuɓe ba.

Almajirin Aruli: Ta yi, a ɗangon da ta ambaci tarar miliyan biyar, sai dai son kai ya hana ka ji.

Bafulatanin Tsafe: Na makara, amma ga nawa.
Kuna ta gardamar ma'aunin baiti,
Ni sunan kabilata ake ɓatawa.
In ɓarawo ya yi sata a wani gari,
Jaridun Legas sunansa suke rubutawa.
In ya fito daga ruga sai su ce Fulani,
Har ni da aka kore wa shanu suna haɗawa.
Malama, ke da kike kare 'yan jarida,
Wannan ma 'yan sanda ne suka yi sanarwa?