Jabu ne ko ba jabu ba?

'Yar Bolari: Jama'a raina ya ɓaci. Likita ya rubuta wa Babanmu capecitabine saboda dajin hanji. Mun tambayi Xeloda, wato na asalin, kuɗin ya fi ƙarfinmu, mai famasi ya ce ga na Indiya, duk ɗaya ne. Kwana goma da farawa tafin hannunsa ya yi jawur yana saluɓewa, ko carbi ya kasa ja. Wallahi jabu aka sayar mana.

Malamin Asibiti: Allah ya ba Baba lafiya. Ƙanwata, jan tafin hannu da na ƙafa halin capecitabine ne, ko na kamfanin Roche, mai asalin Xeloda, ya sha zai iya samu. Ku sanar da likitansa, yakan dakatar ko ya rage yawan ƙwayoyin.

Mai Famasi: Hajiya, ki janye kalmar jabu. Jabu shi ne a matse alli a sa a kwali. Wannan wani kamfani ne ya haɗa sinadari iri ɗaya bayan wa'adin mallakar mai asalin ya ƙare. Ki duba lambar NAFDAC.

Ɗan Jekadafari: Ita lambar ba a buga jabunta ne? Duk abin da ba na asali ba sunansa jabu, ko a atamfa haka ne.

Mai Famasi: To farasitamol ɗin da ka sha jiya jabun Panadol ne ke nan?

Ɗan Jekadafari: Ni Panadol nake sha, Malam.

Baban Yara: Ku bar raina Indiya. Imatinib da ake ba masu wani ƙari na ciki da hanji, Glivec ne sunansa a wajen kamfanin Novartis. A 2013 Kotun Ƙolin Indiya ta hana su mallakarsa a can, kamfanonin ƙasar suka ci gaba da yin mai sauƙin kuɗi.

Ɗan Jekadafari: Kotunsu ce, da wa za ta goya wa baya?

Ɗan Wunti: Mutanen Gombe da son "na asali"! Ku da sai 1996 aka yanke ku daga Bauchi. Ku ne kwafin ai.

Ɗan Jekadafari: Kwafin da ya fi asalin tituna.

Ɗan Wunti: Titi ake ci?

Shugaban Zaure: Ya isa haka. Abin da na fahimta, kowa ya yarda tsada ba ta ƙarya, mai hali ya sayi na Turai kawai. Masu famasi kuwa kasuwarsu suke karewa. Batun tituna, duk wanda ya zo Gombe ya gani.

Mai Famasi: Ranka ya daɗe, wa ya yarda? Ni ban yarda ba.

'Yar Bolari: Don Allah ni dai na daren nan, a ba shi ko a bari?

Malamin Asibiti: Kira likitansa yanzu, kafin ya sha. Ki ɗauki hoton hannun ki tura masa.