Bututun sirdi ya kame a firam: a sa masa wuta ko kar a sa?

Mai Keken (Fadaman Mada): Assalamu alaikum. Keken gwanjo na saya wa ƙanena na zuwa makaranta, firam ɗin ƙarfe ne, lafiya lau, sai dai sirdin ya yi masa tsawo. Mun kwance notin wuya gaba ɗaya, bututun ko gezau. An ce in kai wajen walda a gasa shi da wuta, nan take zai fito. Haka ne?

Mai Walda (Railway): Wa'alaikumus salam. Gaskiya aka faɗa maka. Duk ƙarfen da ya ciji ɗan'uwansa, wuta ce maganinsa. Kawo shi in zagaya wuyan firam da wuta, na waje ya buɗe, tsatsar ta farfashe, mu murɗa. Kullum haka muke cire notin da ya gagara.

Baba Mai Gyaran Keke (Wunti): Oga, noti daban, bututun sirdi daban. Yaro, kafin a kunna komai, nemo mayen ƙarfe, ko na tsohuwar sifika ne, ka ɗora a jikin bututun. In ya kama, ƙarfe ne cikin ƙarfe, irin na Raleigh da Phoenix ɗinmu na da, tsatsa ce kawai ta riƙe shi. In bai kama ba, alminiyam ne, kuma yawancin na gwanjon nan haka suke zuwa.

Mai Walda: To Baba, in alminiyam ne sai me? Ai shi ma yana jin wuta.

Malamin Kimiyya (Yelwa): Jin wutar tasa ce matsalar, Oga. In zafi ya ƙaru da digiri 1, ƙarfe yana buɗewa da kusan kashi 12 cikin miliyan, alminiyam kuwa kusan 23. Wato ninki biyu. Kana gasa firam don ya saki, na cikin yana kumbura fiye da shi, yana ƙara matsewa. Kuma abin da ya haɗe su ba jar tsatsa ba ce. Ruwan damina ne ke gangarawa ta wuyan firam ya kwanta tsakanin ƙarafa biyu mabambanta, sai alminiyam ya riƙa cinyewa yana fitar da wani farin gari. Garin nan ya fi alminiyam ɗin da ya haife shi cin wuri, shi ya sa yake cike ramin dam.

Mai Walda: Malam, lissafinka daidai ne, amma ka tsaya a rabi. Wa ya ce da zafinsa za a murɗa? A gasa, a bari ya huce, ko a sheƙa wa bututun ruwan ƙanƙara. Wanda ya fi kumbura ai shi zai fi tsukewa. Wannan buɗewa da tsukewar ita ke fasa garin. Na yi, ya fito, da hannuna.

Malamin Kimiyya: Wannan kam ban musa ba. Amma ruwan zafi na buta ma zai iya yin wani abu a nan, ba sai wutar kabaid ba.

Baba Mai Gyaran Keke: Nan nake so a tsaya. Oga, ni ba ƙaryata ka nake ba, tsoron firam ɗin nake ji. Ka taɓa yanka bututun keke mai kyau ka duba bakinsa? Wani kaurinsa bai kai milimita 1 ba. Fenti zai ƙone, wannan dole ne, kuma inda fenti ya tashi nan tsatsa za ta fara a damina mai zuwa. Sannan daidai wuyan nan ne mahaɗar bututu huɗu, a kekuna da yawa da tagulla aka like su. An taɓa kawo mini wanda aka gasa, wuyan ya yi baƙi ya karkace, noti ya daina matse sirdi, yaro na hawa sirdin na zamewa ƙasa. Bututu ya fita, keke ya tashi aiki. Ribar me aka ci?

Malamin Kimiyya: Wutar kabaid tana haura digiri 3,000. Tagullar liƙi tana narkewa wajen 900, alminiyam a 660, kuma shi ba ya yin ja kafin ya narke balle ka san ka kai gaɓa.

Mai Walda: Wanda bai iya riƙe wuta ba ne ya yi wancan aikin, Baba. Kada a ɗora wa wuta laifin hannu.

Hajiya Mai Sabulu (Gwallameji): Ku yi haƙuri in sa baki. Na ji ana cewa sodar da muke sabulu da ita tana narkar da bututun alminiyam ɗin. Mu dai mun san ba a jiƙa soda a tukunyar alminiyam, cinye ta take.

Malamin Kimiyya: Haka ne Hajiya, tana cin alminiyam ta bar ƙarfe. Amma tana tafasa, tana fitar da iskar haidirojin mai kama wuta, ɗigo ɗaya a ido kuma zai iya makantar da mutum. Tana cin fenti ma. In firam ɗin kansa alminiyam ne, har shi za ta cinye.

Hajiya Mai Sabulu: To kar ya yi a gidan da ke da yara. Ni da safar hannu nake taɓa ta, a tsakar gida, ba a ɗaki ba.

Mai Keken: Na gwada yanzu. Mayen ya kama firam, a bututun kuma faɗowa yake. Ga farin garin ma a bakin wuyan, na kankare shi da farce. Ɗazu har na ɗauko guduma.

Baba Mai Gyaran Keke: Ajiye gudumar nan, don Allah. In ka buga shi ya nutse, ka rasa wurin kamawa. Kife keken, a kwance gindin feda, a zuba kananzir ta ciki ya gangara, ya kwana biyu ko uku. Ba ya cin farin garin kamar yadda yake ratsa tsatsa, amma yana sa santsi. Sai a cire sirdi, a matse kan bututun a bayis, wato abin damƙe ƙarfe na kan teburin aiki, mutum biyu su kama firam suna juyawa dama da hagu a hankali, suna ja sama. In ka ji ya yi "ƙas", ya saki ke nan. In ya ƙi, sai zarto: a yanke bututun a bar kamar faɗin yatsu biyu a waje, a zura ruwan zarto ciki a tsaga shi a tsaye, wuri biyu, ana yi ana leƙawa da tocila kada a taɓa firam. Sai a matse da filaya a zaro. Aikin yini ne, hannu zai yi kanta.

Mai Walda: Yini guda a kan abin da zan gama kafin shayi ya huce. Ni dai ina nan kan bakana. In zarton ya ci firam, shi ma ai ɓarna ce.

Baba Mai Gyaran Keke: Ɓarna ce, shi ya sa na ce ana yi ana dubawa. Yaro, in za ka sayi sabo, tafi da guntun tsohon a gwada, don akwai mai faɗin milimita 25.4, akwai 27.2, akwai wasu a tsakani. Kuma ka shafe shi da giris kafin ka zura.

Mai Keken: Na gode, Baba. Bari in fara da kananzir ɗin. Oga, in bayis ya gagara, ruwan zafi da ƙanƙarar nan zan gwada kafin zarto.